Maganin Riƙo: Tarihin Wata Uku a Yaƙi da Sankarar Huhu

Akwai wata tambaya da likitocin sankarar huhu suka shafe shekaru suna ja-in-ja a kanta. Ga mara lafiya wanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsa, ya wuce a yi masa tiyata. An yi masa zagaye huɗu na maganin kemo, an sake ɗaukar hoton ƙirjinsa, an ga ƙarin ya ɗan motse ko ya tsaya cik. To daga nan me za a yi? A sallame shi ya je gida ya huta, sai ranar da ciwon ya sake motsi? Ko a ci gaba da ɗura masa wani magani mai ɗan sauƙi duk bayan mako uku, har ranar da maganin ya daina aiki?

Hanya ta biyu ita ce na kira maganin riƙo. Kalmar da Ingilishi da Faransawa suka zaɓa mata ita ce wadda ake amfani da ita wajen kula da mota ko gini don kada ya lalace. A wannan maƙala ina so in bi sawun dabarar: inda aka aro ta, yadda aka yar da ita, yadda ta dawo, da abin da take saya wa mara lafiya a zahiri. Abin da na fahimta daga tarihin shi ne, dabara ce da aka ɗauko daga inda take warkarwa, aka kai ta inda take ƙara watanni. Iyalai da yawa sun shiga ruɗu saboda ba a bambanta musu waɗannan biyun ba.

Ciwon da aka daɗe ba a san shi ba

A 1912 wani likita a birnin New York mai suna Isaac Adler ya tattara duk rahotannin sankarar huhu da ya iya samu a littattafan likitanci, sai ya samu 374 kacal. Ciwo ne da likita kan gama aikinsa bai gan shi sau biyu ba. Yaɗuwar tabar sigari ce ta sauya wannan lissafi. A 1950 aka wallafa manyan bincike biyu da suka ɗaure ciwon da shan taba: na Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da na Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka. Wannan Graham ɗin shi ne ya fara cire huhu guda sukutum ga mai sankara aka yi nasara, a 1933. Shi kansa mashayin taba ne, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalinsa a 1957, ya bar mutumin da ya yi wa tiyatar da ransa. A yau ƙididdigar 2022 ta nuna kusan mutum miliyan biyu da rabi ke kamuwa da ciwon a shekara, wajen miliyan 1.8 kuma ke rasuwa. Babu wata sankara da ta kai ta kisa.

Matsalar ita ce huhu ba ya saurin kuka. Kafin tari ko haki ko rama su kai mutum asibiti, a yawancin lokuta ciwon ya riga ya isa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa. Wuƙar tiyata ba ta da amfani a nan. Tun 1948 David Karnofsky da abokan aikinsa suka gwada wani magani da aka samo daga iskar guba ta yaƙi a kan irin waɗannan marasa lafiya. Wasu sun ji sauƙi na ƴan makonni, ciwon ya dawo. Abin da ya ɗore daga wannan aiki shi ne ma'aunin da Karnofsky ya tsara, daga 100 zuwa sifili, na gane ƙarfin mara lafiya: yana iya aikinsa, ko yana iya kula da kansa kawai, ko yana kwance. Har yau da irin wannan ma'auni ake yanke shawarar wanda jikinsa zai ɗauki kemo.

Inda aka aro dabarar

Asalin maganin riƙo yana ɗakin yara masu sankarar jini. A ƙarshen 1947 Sidney Farber na birnin Boston ya fara ba wa irin waɗannan yara wani magani mai suna aminofterin. Aikin maganin shi ne toshe hanyar sinadarin folik, wannan dai da ake ba mata masu juna biyu a wajen awo, domin ƙwayar halitta ba ta iya rabuwa biyu sai da shi. A rahotonsa na 1948, yara 10 cikin 16 sun samu sauƙi, jininsu ya gyaru, wasu har sun koma wasa. Bayan ƴan watanni ciwon ya dawo musu.

Likitoci suka gane cewa ɓacewar ciwo daga idon madubin likita ba ta nufin ya ƙare. Akwai ragowar ƙwayoyi a ɓargo suna jira. A 1963 Emil Freireich da ƙungiyarsa suka wallafa gwajin da ya kafa tubalin. Sun ɗauki yara 42 da ciwonsu ya lafa, suka haɗa su bibbiyu. A kowane biyu, ɗaya ya ci gaba da shan ƙwayar magani mai suna 6-MP, ɗayan kuma ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta. Waɗanda suka sha maganin sun daɗe cikin sauƙi wajen ninki uku. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa.

A asibitin St. Jude na Memphis, Donald Pinkel ya ɗora a kan wannan tun daga 1962: a fara da magani mai ƙarfi a kwantar da ciwon, a bi shi har cikin ruwan ƙwaƙwalwa, sannan a riƙe da ƙananan magunguna tsawon shekara biyu zuwa uku. Da wannan tsari, tare da gyare-gyaren da suka biyo baya, kusan yara tara cikin goma masu wannan nau'in sankarar jini ke rayuwa a ƙasashe masu hali. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Riƙon yana da ranar ƙarewa, kuma a ƙarshensa akwai warkewa. Sankarar huhu da ta bazu ba ta gaji ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shekarun da aka koyi tsayawa

Sankarar huhu iri biyu ce a dunƙule. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, mai saurin yaɗuwa. Akwai kuma wadda ƙwayoyinta ba ƙanana ba, ita ce kimanin kashi 85 cikin ɗari, kuma a kanta wannan tarihi ya fi tsayawa. Har cikin shekarun 1980 likitoci da dama na ganin ba wa irin wannan mara lafiya kemo wahalar da shi ne kawai.

Maganin da ya fara sauya tunanin an same shi ne a kan hanyar neman wani abu daban. A 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan yana gwada tasirin lantarki a kan ƙwayoyin bakteriya, sai ya ga sun daina rabuwa. Da aka bincika, ashe wani sinadari ne ke narkowa daga ƙarfen filatinam na na'urarsa. Daga nan aka samu sisfilatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978. A 1995 mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 52 da marasa lafiya 9,387. Ga waɗanda ciwonsu ya bazu, kemo mai sisfilatin ya ƙara kimanin mako shida a matsakaicin tsawon rai, ya kuma ƙara mutum goma cikin ɗari a kan masu kai shekara guda.

Ya kamata in tsaya in fayyace wannan kalma ta matsakaici, don za ta yi ta dawowa. Idan aka ce matsakaicin tsawon rai wata takwas ne, ana nufin a wata na takwas rabin marasa lafiyar sun rasu, rabi na raye. Wani ya tafi a wata na biyu, wani ya kai shekara uku. Lissafin taro ne, ba wa'adin mutum guda ba.

Da aka tabbatar kemo na da amfani, sai tunani ya tafi ga cewa ƙara yawansa zai ƙara amfanin. Gwaji ya ƙaryata hakan. A 2001 Ian Smith na asibitin Royal Marsden da ke Landan ya raba marasa lafiya 308 ta hanyar ƙuri'a, wasu zagaye uku, wasu shida. Matsakaicin tsawon ransu ya kasance wata shida da wata bakwai, bambancin da masana lissafi ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Cikin waɗanda aka tsara wa shida, kashi 31 ne kawai suka iya kammalawa, kuma sun fi fama da kasala. A 2002 Mark Socinski a Amurka ya gwada zagaye huɗu da ci gaba ba tsayawa, a kan mutum 230. Nan ma ba a ga riba tabbatacciya ba. Abin da aka gani shi ne lalacewar jijiyoyin hannu da ƙafa, irin wadda ke sa yatsu su sage mutum ya kasa ɓalla maɓallin riga: daga kashi 20 a zagaye na huɗu ta haura zuwa 43 a na takwas.

A wannan shekarar dai Joan Schiller ta wallafa gwajin da ya kwatanta haɗin magunguna huɗu mafi inganci na lokacin a kan mutum 1,207. Duk huɗun kunnen doki suka yi: matsakaici wata 7.9, kashi 33 suka kai shekara, kashi 11 suka kai biyu. Don haka ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta fitar a 2003 ta ce a tsaya a zagaye huɗu idan ciwon bai ja da baya ba, kuma kada a wuce shida ko ta halin ƙaƙa. A ganina wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake ba a yi masa biki ba. Likitanci ya koyi janye hannu, mara lafiya ya samu watannin da ba a soka masa allura.

Ramin da ke cikin hutun

Hutun na da nasa haɗari. Tun 2000 Frances Shepherd ta Kanada ta nuna cewa wani magani mai suna dosetaksel na ƙara rai idan aka ba da shi bayan ciwon ya dawo. Ke nan akwai kibiya ta biyu a kwari. Tambayar ita ce yaushe za a harba ta.

Panos Fidias ya gwada hakan, aka wallafa sakamakon a 2009. Mutum 309 da ciwonsu ya lafa bayan zagaye huɗu aka raba biyu: rabi suka karɓi dosetaksel nan take, rabi aka jira sai ciwon ya motsa. Na farko sun samu matsakaicin wata 12.3, na biyu 9.7. Amma abin da ya fi jan hankalina yana ƙasan wannan lissafi. Cikin waɗanda aka ce su jira, kashi 37 ba su taɓa karɓar maganin ba. Lokacin da ciwon ya dawo, ya dawo musu da ƙarfin da jikinsu ya kasa ɗaukar komai, wasu ma sun riga sun rasu. Waɗanda suka samu damar karɓa kuwa, matsakaicinsu wata 12.5 ne, daidai da na waɗanda aka ba tun farko.

Fassara biyu ta fito daga nan. Wasu suka ce tunda ba a san wanda zai faɗa ramin ba, a ba kowa magani tun yana da ƙarfi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu suka ce ribar ba ta maganin riƙo ba ce, ta rashin ɓacewar mara lafiya daga idon likita ce, don haka a bar shi ya huta amma a matsa sa ido. Duka biyun suna da hujja, kuma har yau ba a rufe wannan muhawara ba.

Daga fiffiken malam-buɗe-littafi

Abin da ya hana ci gaba da kemo a da shi ne gubar da ke taruwa a jiki. Ana bukatar maganin da za a iya maimaitawa sau goma ko ashirin ba tare da ya kayar da mutum ba. Wanda ya cike gurbin jikan maganin Farber ne. Edward Taylor, masanin haɗa sinadarai a Jami'ar Princeton, ya fara sha'awar wannan fanni ne tun yana ɗalibi, daga karatu a kan launin fiffiken malam-buɗe-littafi, wanda gininsa ke da dangantaka da sinadarin folik. Aikinsa tare da kamfanin Eli Lilly ya haifar da femetireksed, wanda ake sayarwa da sunan Alimta.

Saura kaɗan maganin ya mutu a hanya, saboda a gwaje-gwajen farko ya kan ragargaza ɓargo da hanjin wasu marasa lafiya har ya kai ga rasa rai. Wani masanin lissafi a kamfanin, Clet Niyikiza, haifaffen ƙasar Ruwanda, shi ne ya bi diddigin jinin waɗanda abin ya shafa, ya gano suna da alamar ƙarancin folik da bitamin B12. Daga ƙarshen 1999 aka fara ba da waɗannan biyun tare da maganin, gubar ta ragu sosai. A 2004 Amurka ta amince da shi. A 2008 kuma wani gwaji mai mutum 1,725 ya nuna cewa yana aiki ne a kan nau'in da ake kira adinokasinoma da danginsa, amma ga nau'in da ƙwayoyinsa ke kama da ɓawon kifi, tsohon magani ya fi shi.

Gwajin da ya dawo da maganin riƙo cikin fage shi ne JMEN, ƙarƙashin Tudor Ciuleanu na ƙasar Romaniya, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2009. Mutum 663 daga ƙasashe 20, duk sun gama zagaye huɗu na wasu magunguna daban, aka ɗora wasu a kan Alimta, wasu a kan ruwan wofi. Matsakaicin tsawon rai ya zama wata 13.4 da 10.6. Ga masu nau'in da maganin ya dace da shi, 15.5 da 10.3. A watan Yulin 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, karo na farko da aka yi wa wani magani rajista don riƙon sankarar huhu. Masu suka sun nuna cewa cikin waɗanda aka ba ruwan wofi, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka samu Alimta daga baya. Wato gwajin ya fi kama da kwatanta samun maganin da rashin samunsa baki ɗaya.

Gwaji na biyu, PARAMOUNT, na Luis Paz-Ares ɗan Sifaniya, ya toshe wannan kafa. A nan kowa ya karɓi Alimta da sisfilatin a zagaye huɗun farko, sannan aka cire sisfilatin, wasu suka ci gaba da Alimta shi kaɗai. Sakamakon ƙarshe na 2013 ya nuna wata 13.9 da 11.0, kuma masu kai shekara biyu kashi 32 da 21. An samu ƙarin ƙarancin jini da kasala, amma da aka tambayi marasa lafiyar yadda suke ji, amsoshin ɓangarorin biyu ba su bambanta sosai ba. Wani adadi da ba a cika ambata ba shi ne, mutum 939 ne suka fara gwajin, 539 ne suka kai matakin riƙo. Sauran 400 ciwon ya ci gaba da yaɗuwa, ko jikinsu ya gaza, ko sun janye. Maganin riƙo na waɗanda suka tsallake siraɗin farko da ƙarfinsu ne.

Darasin Tarceva

Ba kowane riƙo ne ya tsaya da ƙafarsa ba. A daidai wannan lokaci aka gwada wata ƙwayar sha mai suna Tarceva a gwajin SATURN, kan mutum 889. Ta jinkirta motsin ciwon daga mako 11.1 zuwa 12.3, wato kwana takwas, ta ƙara wata guda a tsawon rai. A Disambar 2009 kwamitin masana da ke ba hukumar magungunan Amurka shawara ya kaɗa ƙuri'a 12 da 1 cewa kada a amince. A Afrilun 2010 hukumar ta amince.

Tun 2004 an san cewa irin wannan ƙwaya ta fi aiki ga waɗanda ciwonsu ke ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado da ake kira EGFR. Da aka sake gwaji mai suna IUNO a kan waɗanda ba su da sauyin, ba a ga wata riba ba. A 2016 hukumar ta taƙaita amfani da maganin ga masu sauyin kaɗai. Tsawon shekara shida ke nan mutane na shan ƙwaya mai kawo ƙuraje da gudawa, mai tsada kuma, alhali yawancinsu ba ta ƙara musu komai. Haka kuma gwajin da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa haɗa Alimta da Avastin a matsayin riƙo bai ƙara rai a kan ɗayansu ba, sai dai ƙarin illa.

Wata uku a kan sikeli

Nawa ne darajar wata uku? Hukumar da ke auna wa asibitocin gwamnatin Ingila tsadar magani ta ƙi amincewa da ci gaba da Alimta irin na PARAMOUNT a 2014, ta ce kuɗin ya fi ribar. Sai a 2016, bayan an yi yarjejeniyar rage farashi, ta amince. A ɗaya ɓangaren, kuɗin da Jami'ar Princeton ta samu daga haƙƙin mallakar maganin ne ya gina mata katafaren ginin sashen kimiyyar sinadarai da aka buɗe a 2010.

Su kuma marasa lafiyar me suka ce? A 1998 Gerard Silvestri ya tambayi mutum 81 da suka riga suka ɗanɗana kemo, ƙarin rai nawa zai sa su yarda su sake. Wani ya ce ko mako guda ne zai karɓa. Wani ya ce ko shekara biyu ce ba zai koma ba. Kashi 22 ne suka ce za su yarda saboda wata uku, amma kashi 68 suka ce za su yarda idan maganin zai rage musu wahalar ciwon ko da bai ƙara musu kwana ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2010 Jennifer Temel ta babban asibitin Massachusetts ta wallafa wani gwaji da babu sabon magani a cikinsa. Mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu, rabi aka haɗa su tun farko da ƙwararrun rage raɗaɗi, masu kula da ciwo da haki da damuwa, masu zama su yi magana da mara lafiya da iyalinsa a kan abin da ke tafe. Waɗannan sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi ƙarancin baƙin ciki, an fi ƙarancin wahalar da su da magunguna a kwanakin ƙarshe. Matsakaicin tsawon ransu kuma wata 11.6 ne, na sauran 8.9. Gwajin ƙarami ne, a asibiti guda, don haka ba a gina gini a kan wannan adadi shi kaɗai. Duk da haka bambancin wata 2.7 ne, na JMEN kuma 2.8.

Bincike na uku shi ne ya fi damuna. A 2012 Jane Weeks ta tambayi mutum 1,193 da ke karɓar kemo don sankarar huhu ko ta hanji da ta bazu. Cikin masu ta huhu, kashi 69 ba su nuna sun fahimci cewa maganin ba zai warkar da su ba. A Amurka ke nan, inda likita da mara lafiya ke magana da harshe guda. Wanda ya zaci warkewa yake saye zai biya abin da wanda ya san wata uku yake saye ba zai biya ba.

Bayan 2018

Zuwan magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ya sauya kiɗan. A gwajin KEYNOTE-189 na 2018, mai mutum 616, an ƙara Keytruda a kan zagaye huɗun farko, sannan aka ci gaba da shi har zuwa shekara biyu tare da Alimta. Matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 10.6 zuwa 22. Bayan shekara biyar, kashi 19 na raye, a ɗaya ɓangaren kuma 11. Idan aka tuna da 2002, lokacin da kashi 11 ne ke kai shekara biyu, an yi tafiya mai nisa. Amma har a wannan gwaji, huɗu cikin biyar ba su kai shekara biyar ba. Tsohuwar tambayar kuma ta dawo da sabuwar riga: wanda ya cika shekara biyu lafiya lau, a tsayar masa ko a ci gaba?

Abin da ya shafe mu

A ƙasashenmu mun san wani magani mai mataki biyu, wato na tarin fuka: wata biyu na magunguna huɗu, sai wata huɗu na biyu, a gama a warke. Kamar ta yi yawa har tana iya yaudara. Tari mai jini da rama kan sa a fara zargin tarin fuka, kuma ba abin mamaki ba ne mai sankarar huhu ya shafe watanni yana shan maganinsa kafin a gane gaskiya. Idan daga baya aka ce masa za a ci gaba da magani, zai ɗauka irin wancan ne mai ƙarshe.

Shi kansa ƙarin ruwan Alimta minti goma ne. Sai dai yana tafe da rakiya: awon jini da na ƙoda kafin kowane zagaye, ƙwayar folik kullum, allurar B12 duk mako tara, hoton ƙirji lokaci-lokaci, da kauce wa magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen a kwanakin da ke kewaye da allurar, domin ta ƙoda maganin ke fita. Kafin duk wannan sai an yanki tsokar ƙarin an tantance nau'insa. Cibiyoyin da ke wannan aiki suna manyan birane ne, kamar cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, ko Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Gwaje-gwajen da na ambata ba su saka kuɗin mota da na masauki da gonar da aka sayar a cikin lissafinsu ba. Haƙƙin mallakar maganin ya ƙare a Amurka a 2022, wasu kamfanoni na yin irinsa da rahusa, amma hanya ba ta ragu ba.

Ban rubuta wannan don in hana kowa karɓar magani ba. Ga mai ƙarfi a jiki, mai nau'in da ya dace, wanda maganin ke kusa da shi, ribar ta tabbata a gwaji fiye da ɗaya, kuma wata uku na iya zama auren ɗiya ko haihuwar jika. Abin da tarihin ya koya mini shi ne mara lafiya da iyalinsa na da haƙƙin yi wa likita tambayoyi huɗu kai tsaye. Wannan magani zai warkar ne ko zai jinkirta? A gwajin da aka yi, wata nawa ya ƙara, kuma ga masu irin nau'ina ne? Idan na zaɓi hutu, yaushe za a sake duba ni, kuma wa zan kira idan na ji sauyi? Wa zai kula da ciwo da haki tun daga yanzu, ko na karɓa ko ban karɓa ba?

Tambaya ta uku ita ce darasin Fidias, ta huɗu kuma ta Temel. Duka biyun ba sa bukatar sabon magani daga waje. Suna bukatar ranar dawowa a rubuce, lambar waya da ake ɗagawa, maganin ciwo mai ƙarfi a kantin asibiti, da likitan da zai zauna ya yi bayani da harshen da mara lafiya ke ji. Wanda aka gaya wa gaskiya, ko ya zaɓi allura ko ya zaɓi komawa gida, ya san abin da ya zaɓa.